Talatin da Shidan Baba Yakubu

Hoto talatin da shida. Iyakar abin da marigayi Baba Yakubu yake ɗauka a taro ke nan, ko suna ne, ko ɗaurin aure, ko walima. Ku da kuka zauna da shi a Bronx kun san da carbinsa yake lissafi: ya danna kyamara, ya ja ƙwaya ɗaya. Carbin talatin da uku ne, sai ya cike ukun da yatsu. Yatsa na uku na lanƙwashewa zai rufe idon kyamara ya nemi inda ake rabon shinkafa, ko da a lokacin ne amarya take shigowa.

Asalin abin, shagon hoto gare shi a zangon Kumasi tun zamanin fim, kuma naɗin fim ɗaya talatin da shida yake ci. Ya zo Amurka, fim ya mutu, masu wankin hoto suka rufe ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya koma gadin garejin motoci. Har yaranmu suka taso ba su san shi da wani suna ba sai Baba mai gadi.

Ni na jawo shi ya dawo ɗaukar hoto, kuma ga dalili. Dattawa bakwai ne suka kafa ƙungiyarmu da masallacinmu. Babbansu, Alhaji Mumuni, ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya, jirginsa washegarin ƙaramar Sallah. Ke nan ranar idi ce ta ƙarshe da su bakwai za su tsaya wuri ɗaya, kuma ba mu da hotonsu tare ko guda. Dattawa bakwai, safiya ɗaya, babu maimaici. A taron kwamiti sakatarenmu Abdul ya ce wayarsa ta isa. Ni kuwa na ce Baba Yakubu zai ɗauka, kyamara daga shagona, in hoto ya lalace ni za a tuhuma.

Wayoyi da kayan wuta nake sayarwa kusa da titin Grand Concourse, kuma ba na ɗora sunana a kan abin da ban gwada ba. Wannan karon na ɗora. Ni mutumin Maraɗi ne, amma matata 'yar Kumasi ce, kuma akwai hoton iyayenta a ɗakinmu wanda Baba ya ɗauka tun tana goye. Har tsagar fuskar tsohon ana iya ƙirgawa.

Saura wata biyu Sallah ya zo shago. Na ciro kyamarar daga kwali, irin manyan nan masu ido da ake cirewa a sauya. Na sa batir, na murɗa idon har ya yi ƙas, na rataya masa igiyar a wuya. Ya juya ta, ya sa farce yana lalubar bayanta.

"Dillali," haka yake kirana, "ina ƙofar fim?"

"Babu fim, Baba. Wannan ne." Na nuna masa ɗan katin memori, bai fi farcen babban yatsa ba.

"Nawa yake ci?"

"Ya fi dubu biyu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wane ne mai kyan da za a yi wa hoto dubu biyu?"

Kyamara ta nemi a sa mata lokaci, na sa na New York. Ya ce in mayar da shi daidai da agogon hannunsa. Agogon nan kuwa tun ranar da ya sauka filin jirgi bai taɓa gyara shi ba, lokacin Kumasi yake nunawa, shi yake cire awannin a ka. Na yi magana, ya ce ba zai riƙe lokaci biyu a jiki ɗaya ba. Har yau duk wanda ya duba bayanin hotunansa a kwamfuta zai rantse bayan azahar muke yin idi.

Sai na juya ɗan maɓallin sama zuwa koriyar alama, na ce a nan kyamara take yi wa mutum komai.

"Komai?"

"Komai, Baba. Kai dai ka danna."

"To ni me na zo yi, rakiya?"

Ya sa na nuna masa inda mutum yake sarrafa ta da hannunsa: wannan ya buɗe ido ko ya tsuke shi, wannan ya sa saurin ƙiftawa. Kafin in sallami mai sayen caja ɗaya yatsunsa sun gane hanya, sai ka ce jiya ya ajiye sana'ar. Don in burge shi na ɗauki kantar shago, na nuna masa hoton a gilashin baya nan take. Ya miƙa hannu ya ɗauko baƙin salatif na masu gyaran wuta daga kan kantata, ya liƙe gilashin ruf.

"Lambobin da nake so suna cikin wurin leƙe," in ji shi. "Mai hoto kafin ya danna yake gani. Wanda yake dubawa bayan ya danna, tambaya yake yi."

Salatif ɗin ma bai mayar mini ba.

Lahadin da ta biyo baya ya ce in raka shi gwaji. Ya ji labarin jirgin ruwan da ke tsallakawa St. George ba a biya, kuma ya ce babu hasken da ya kai na ruwa wahala. Muka bi jirgin ƙasa mai lamba huɗu har ƙarshen Manhattan, muka shiga. Masu yawon buɗe ido kowa na ta danne-danne, shi kuwa ya miƙa bayan hannunsa gaban kyamara yana leƙe, yana murza lambobi. Wata Baturiya ta tambaye ni ko wani ciwo ne a hannun yake son likita ya gani.

"Gaya mata gabatar da kaina nake yi," in ji Baba. "Kyamarar nan ba a zango aka yi ta ba. In ta ga fari mai yawa sai ta tsorata ta runtse ido. In ba ka nuna mata fatarka ba, ba ta san da kai a wurin ba."

Sau uku muka je muka dawo. Hoto biyu ya ɗauka.

"Baba, danna mana. Kyauta ne fa."

"Jirgi kyauta, hoto kyauta. Shi ya sa ba ku san darajar komai ba a ƙasar nan." Ya faɗi haka ne yana cin rabin burodina.

Gwaji na biyu shi ya kusa kayar da ni. Kafin azumi Hajiya Rakiya, mai shagon abinci a Morris Heights, ta yi sunan jikarta a wani ɗakin taro na ƙasan bene. Baba ya jera kakanni, ya jera gwaggwanni bisa shekaru, ya jera masu girki da ludayinsu. Can aka fito da jaririya cikin farin shawul, Hajiya tana ta haske.

"Baba Yakubu, ga mai sunan."

"Fim ya ƙare."

"Wane fim kuma?"

Na raɗa masa cewa akwai sauran wuri kusan dubu biyu. Ya nuna mini yatsunsa uku a lanƙwashe.

"Jarirai duk kamarsu ɗaya," ya ce wa Hajiya. "A kawo ta in ta yi fuska."

"To mu ga namu da ka ɗauka."

"Ki zo ran Alhamis."

"Alhamis? A Amurka?"

"Ko a Makka."

Alhamis ta zo, muka zuba katin a kwamfutar shagona. Tsayuwar mutane ta yi, haske ya yi, amma kowa ya fito ruwan ɗorawa da ɗan kore-kore, saboda dogayen fitilun ɗakin. Baba ya ce fitilun ne masu ciwon shawara. Na ce akwai wurin da ake gaya wa kyamara irin hasken da take ciki, amma sai an ɗaga salatif. Ya miƙo mini ita ya juya baya kamar ana yi wa ɗansa allura. Na nuna masa sau ɗaya, ya kalla ta gefen ido, ya gane, ya mayar da liƙinsa.

Hajiya Rakiya ba ta ɓata lokaci ba, ta kai ƙara kwamiti. Abdul ya ce shi dai zai zo da wayarsa don tsaro. Aka tambaye ni ko ina nan kan bakana. Na ce ina nan. Gaskiya kuwa, duk azumin nan da hoton dattawa na yi shi a raina.

Ranar idi rana ta fito da ƙarfinta. A filin shaƙatawa na unguwa muka yi salla, kuma dattawan nan bakwai kowa ya sha farar shadda mai ɗaukar ido. Ana shafa addu'a Abdul ya jera su a tsakiyar rana, ya kama dannawa kamar keken ɗinki. Baba yana gefe yana jira, kyamara a ƙirji.

"Kun gama wasa?" in ji shi. "To a biyo ni."

Ya tsallaka da su titi zuwa inuwar wani dogon bene. Alhaji Mumuni yana dogara sanda yana mita.

"Yakubu, gwiwata fa."

"Alhaji, gwiwa ba ta fita a hoto. A kawo masa kujera."

Ya zaunar da shi a tsakiya, ya jera sauran, ya gyara wa wannan hula, ya ɗaga wa wancan haɓa. Ya karɓo farin mayafin tebur daga wajen mata, ya ba ni gefe ɗaya, ya ba Abdul ɗaya, ya tsayar da mu a bakin rana yadda hasken zai dawo kan fuskokinsu. Sannan ya je ya tsaya inda suke, ya nuna wa kyamara bayan hannunsa, ya murza lambobinsa, ya koma baya. Dattawa duk sun ɗaure fuska kamar masu hoton fasfo.

"Alhaji Mumuni," in ji Baba, ido na cikin wurin leƙe, "in ka isa gida ka gaya musu duk mun yi kuɗi."

Su bakwai suka fashe da dariya lokaci ɗaya. Na ji bisimillarsa, na ji ƙas. Ya ƙara biyu, ya rufe idon kyamara.

"Baba, saura talatin da uku."

"Na samu."

Na kai hannu wajen salatif, ya make ni da carbi. "Alhamis."

"Jirgin Alhaji gobe da yamma ne. In akwai gyara, yanzu ne kawai."

Ya ɗan yi tunani. "To, a wannan satin gobe ce Alhamis."

Da safe kafin in ɗaga ƙofar shago mutane sun taru, har da Hajiya Rakiya, ta harɗe hannu. Aka fara da na Abdul, sun fi ɗari. Shadda ta fito fes, huluna sun fito, amma tsakanin wuyan riga da hula babu komai sai duhu.

"Riguna sun yi kyau," in ji Hajiya. "Masu rigunan ba su samu zuwa ba ne?"

Sai na sa katin Baba. Hoto na farko ya buɗe. Ga su nan su bakwai, kowa da fuskarsa. Furfurar gemu ɗaya-ɗaya, tabon salla a goshi, haƙorin Makkan Alhaji Mumuni yana walƙiya cikin dariya, kuma aikin wuyan shaddar bai ɓace ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya matso ya taɓa gilashin kwamfuta da yatsa, ya ce rabon da ya ga kansa haka tun yana saurayi.

Abdul mutumin kirki ne, ba ya jayayya da abin da ido ya gani. "Baba, ka koya mini."

"Je ka sayo salatif."

Hajiya Rakiya ba ta ce ta janye ƙara ba, amma da rana ta aiko masa da kula cike da shinkafa da wake, nama har sama. Muka buga hoton babba, kowane dattijo da nasa, ɗaya na masallaci. Alhaji Mumuni ya hana a sa nasa cikin akwati. A hannu ya shiga jirgi da shi.

Daga ranar ba a sake yin taro a cikinmu babu Baba ba. Ya rage gadi zuwa kwana uku a sati, daga baya ya bari gaba ɗaya. Shekara biyar ya yi yana jera mu, yana yi mana faɗa, yana sa mu jiran Alhamis, sannan ciwon da ya kwantar da shi ya zo, bai daɗe ba.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na rufe harka sai na duba abin da ta bari. Sunana da na ɗora ya dawo mini lafiya. Cikin dattawan nan huɗu sun riga mu, kuma duk wanda ya rasu, daga hoton nan ake yanko fuskarsa a aika wa iyalinsa gida, don ba su da wanda ya fi shi. Babbar ribar kuwa tasa ce. Ranar da liman ya tashi yin sanarwar jana'iza, cewa ya yi Allah ya yi wa Baba Yakubu mai hoto rasuwa, kuma ko a sahun yara babu wanda ya tambayi wane ne. Asara ɗaya ce, ita ce ba mu da kamarsa.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya zaunar da shi a inuwa mai sanyi tare da dattawan da suka riga shi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.