Kujerar da Walida Ta Kama wa Alhaji Boleh

Duk Bahaushen da karatu ya kawo Kuala Lumpur ya san Alhaji Tajuddeen, ko da bai san sunansa na yanka ba. Alhaji Boleh ake ce masa. Boleh da yaren Malay na nufin zai yiwu. Ita ce kalmar da ya fara koya, kuma babu alamar ya ƙara wata a kanta.

Digiri na biyu ne ya taso shi daga Kano. Digirin dai bai samu ba, amma ya lura sababbin ɗalibai suna sauka da mata da yara da akwatuna, ba su san gabas ba, ba su san yamma ba. Sai ya kama ɗan ofis a saman wani shagon atamfofin Indiyawa a Brickfields, ya zama dillalin komai. Gidan haya a Cheras? Boleh. Makarantar yara? Boleh. Daddawa da kuka? Boleh. Rabin abin yakan yiwu, wannan ba a hana shi ba.

Ciwonsa guda ne, a gan shi. Ya yi imani babban mutum ba ya riga kowa zuwa taro. Suna ne, ɗaurin aure ne, kai, har ta'aziyya, sai an zazzauna sannan ya kunno kai yana saɓa hannun babbar riga, turare na gaba yana biye. An sha ganinsa a mota bayan masallaci yana latsa waya, yana jiran wuri ya cika.

'Yarsa ɗaya ce, Walida, a nan aka haife ta. Yarinya ce marar hayaniya, Hausarta duk a cakuɗe da Malay. Da ta sauke Alƙur'ani a hannun wata malama a unguwarsu, uwarta Hasanatu ta ce a dafa shinkafa a falo a kira maƙwabta. Ina! Alhaji ya ce ba za a yi wa 'yarsa walima a matse kamar ta 'yan haya ba, alhali su ɗin 'yan haya ne. Kuala Lumpur ba ta da teku, to sai ya kai taron inda tekun take. Ya kama wani gidan abinci a bakin ruwa a Klang, ya ɗauko bas-bas domin jama'a, shi kuma ya yi hayar farin jirgin ruwa wanda zai iso a ciki. Mutumin da ko kogin Challawa bai taɓa tsallakawa ba sai ta gada!

Da safiyar ranar Walida ta same shi gaban madubi.

"Abba, in na ga mutane da yawa karatun guduwa yake yi. Za ka zauna kusa da ni?"

"Boleh, Mamana, boleh!"

Ta zaro hula ɗaya cikin hulunansa, ta ce da ita za ta kama masa kujera. Kuma Alhaji da gaske yake a lokacin, don wallahi yana son yarinyar nan. Abin dai, yana son idon jama'a fiye da kowa.

Bayan azahar ya hau jirgi a wata mashiga da ke kusa, shi da mai ɗaukar hoto. Suna doso gidan abincin ya hango har yanzu ana fitowa daga bas. Haba, shi zai sauka mutane suna neman wurin zama? Ya sa matuƙin ya juya. Matuƙin ya ce masa ruwa ya fara janyewa kamar yadda yake yi kullum, in suka daɗe jirgin zai maƙale. Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ruwa zai tafi? Ina za shi? Teku ce fa, ba kududdufi ba!"

Suka yi ta kewaye, yana tsaye a goshin jirgi iska na kaɗa masa riga, ana ɗaukarsa ta dama ana ɗaukarsa ta hagu. Hasanatu ta bugo waya.

"Abban Walida, malamai sun zauna. Yarinyar nan sai waige take yi."

"Ki ce su ɗan dakata, ga ni nan."

Sai da ya tabbatar babu sauran mai tsayuwa sannan ya ba da izini. Jirgi ya miƙa, ya yi gaba kaɗan, sai ji kake ƙirrr, ya cije. Kafin a yi haka ruwan ya zurare, ya bar su a tsakiyar baƙar laka mai wari, ƙaguwoyi na ta yawo a gefensu. Ga gidan abincin can, jifa biyu ya isa. Burinsa kuwa ya cika, don babu wanda bai gan shi ba. Har da masu ɗaga waya.

Lasifikar da shi da kansa ya sa aka ɗaura ita ta kawo masa muryar Walida. Ta fara karatu. Ta ja aya biyu, ta tsaya. Ta koma baya, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. 

Nan Alhaji ya zabura. Ya tattare riga ya dira, laka ta haɗiye shi har cinya, takalmi ɗaya ya tafi ke nan. Yana cikin kiciniya ya ji muryar namiji a hankali tana ɗora Walida a kan ayar. Malam Datti ne, wani dattijon malamin jami'a da ya zo digiri na uku, wanda Alhaji ke kira tsohon ɗan makaranta saboda kullum a jirgin ƙasa yake yawo da jaka a baya. Yarinya ta kama, ta zarce, ba ta ƙara tuntuɓe ba. Da aka yi kabbara, da wuyan riga matuƙin yake janyo ubanta cikin jirgi.

Sai wajen magariba ruwan ya ga damar dawowa. Da Alhaji ya sauka ya tarar bas-bas sun tafi, ma'aikata na kife kujeru, Hasanatu na ƙulla ragowar abinci a leda. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Walida ce ta taho, da hular a hannu.

"Abba, ga hularka. Na riƙe maka kujerar har aka fara. Da na kakare sai Baba Datti ya ɗauke hular ya zauna."

Ya karɓa da hannu duk laka. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, amma bakin da ya saba ya riga shi.

"Kar ki damu, Mamana. Za mu sake wani taron, wanda ya fi wannan. Ni zan fara zuwa."

Ta dubi ƙafarsa marar takalmi, ta dubi fuskarsa.

"Boleh, Abba," in ji ta, daidai yadda yake faɗa wa ɗalibai.

Ta juya ta je ta kama wa uwarta ledojin.