Da Hannu Bibbiyu

Goggona tela ce mai zaman kanta, a falonta take ɗinka wa otal-otal labule. Duk ƙarshen shekara takan ɗinka jakunkuna, ta kai wa manajoji kyauta da ƙafarta don ta karanci fuskokinsu.

"Wanda ya karɓa yana kushe launi, namu ne," in ji ta. "Mai yawan godiya kuwa ya samu wata telar."

Bana na raka ta otal ɗin da ke ciyar da gidanmu. Manajan ya miƙe, ya karɓa da hannu bibbiyu, ya yi ta sa albarka har bakin ƙofa.

A hanya Goggo ta yi ta lissafin otal-otal ɗin da suka rage mata. Ni ma na ga labulen ofishinsa, sabo fil, kuma ba ɗinkinta ba ne.