Ledar Fuskar Agogona

Wata Litinin a daminar 1989, na tsaya gindin dogonyaron firamarenmu ta Kalgo da guduma a hannu, zan buga ƙarfen tayar motar da muke kira ƙararrawa. Na duba agogona, sai na ga fuskarsa fayau kamar allon da aka wanke, ko lamba ɗaya babu. Agogon roba ne baƙi da kawuna ya kawo mini tsaraba, kuma saboda shi hedimasta ya ba ni aikin ƙararrawa. A aji biyar wannan sarauta ce: ba shara, ba ɗebo ruwa, har 'yan aji shida na lallaɓa ni in buga tara da wuri.

Jiyan ranar mun yi noman gero har azahar, muka sauka gulbi wanka, na ba Sahabi agogon ya riƙe mini, bai maido mini ba sai da safe. Taubashina ne, ɗan goggona ta Gwandu, a ɗakinmu yake kwana, akushi ɗaya muke ci. Shi ya ce ruwa ya shiga, agogo ya mutu, ya karɓe shi ya ba ni danƙon harbin tsuntsu. Har godiya na yi masa.

Mako bai cika ba ƙararrawa ta koma hannunsa, don ya ce yana gane lokaci da inuwa, kuma bai taɓa kuskure ba. Ni na koma tsintsiya. Wata rana na zagaya bayan aji, na tarar da shi ya ɗora wata 'yar leda mai duhu-duhu a kan mataccen agogona, lambobi sun fito raɗau suna tafiya. Ashe buɗe shi ya yi da reza ya zare ta daga ciki, ba a ganin komai sai ta cikinta.

"Wasan taubashi na, mi kaka kuka?" in ji shi.

Na kai ƙara wurin Inna, ta yi dariya ta ce ba a shari'a da taubashi. Wannan dariyar ta fi satar yi mini ciwo.

Yanzu kowane yaro na da waya, wani mai gyara ma ya ce mini irin ledar nan tana cikin kowace. Sahabi ya yi jikoki, muna gaisawa, muna tsokanar juna a wurin biki. Amma ina kewar yaron da ke miƙa abinsa ba tare da ya waiwaya ba. Tun daga ranar ban sake zama shi ba.