Kunnen Kakana a Bakin Teku

A kasuwar Arzèkè na tsince shi, cikin kayan gwanjo, tsakanin tsofaffin agoguna. Takarda ce mai kauri cikin gilashi: jiragen ruwan yaƙi na ci da wuta daga nesa, ƙananan jirage kuma suna zubar da sojoji a bakin teku. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa wani soja mai zane ne ya yi shi lokacin babban yaƙin Turawa. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogi ba, na rungumo shi a bayan zem, wato babur ɗin haya, har unguwarmu Kpébié, na kafa a falo don burga kawai.

Sai ga gwaggona ta zo daga Djougou ganin likitan ido. Ita ce autar gidansu. Tana ciki aka ɗebi mahaifinta, wato kakana, aka kai shi yaƙin nan, bai kuwa dawo ba. Ko hoto ɗaya bai bari ba.

"Mene ne wannan hayaƙin ka liƙa a bango?" in ji ta.

Na ce, "Hoton sojoji ne, Gwaggo, ranar da suka sauka gaɓar ƙasar Turawa."

Hoto na ce, don haka muke kiran komai, wanda na'ura ta ɗauka da wanda hannu ya zana. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana bin mutanen da yatsa. Yatsan ya tsaya kan wani baƙin soja, ruwa iya ƙugunsa, bindiga bisa kai, ya ɗan juya gefe.

"Ga babana. Dubi kunnen."

Mu dai a gidanmu kunnuwa ne da mu fato-fato, har tsokanarmu ake yi. Sojan ma haka. Ban dai gaya mata zanen hannu ne ba. Da za ta koma ta naɗe hoton cikin zanenta, ko tambayata ba ta yi ba.

Daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. In na kalli ƙusar da ke bango sai in kau da kai. Labari ya riƙa zuwa: ta rataye shi a ɗakinta, tana lulluɓe shi in za ta yi salla, matan unguwa na zuwa gaishe da mahaifinta. Ƙanena ya bugo waya a fusace, wai yara sun fara dariya a bayan idonta. "Yaya, tablo ne fa, zanen fenti ne! Ka zo ka gaya mata kafin wani marar kunya ya gaya mata."

Na shiga mota ina jin haushin kowa, har da mai zanen. Wa ya aike shi yin kunne haka? Muka wuce Sérou ina ta shirya magana ina rushewa. Fuska ɗaya tak ta samu ta ubanta a duniya, ni kuma ga ni tafe zan karɓe.

Na same ta tana gyaran goro a tabarma. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kame-kame, sannan na ce, "Gwaggo, hoton nan ba na na'ura ba ne. Mutum ne ya zana da hannunsa."

Ta ajiye goron.

"Mai zanen, yana wurin?"

"An ce soja ne shi ma. Aikinsa ke nan, ya zana abin da ya gani."

Ta tashi da ƙyar ta yaye ƙyallen da ke kan hoton, ta shafa gilashin daidai kunnen.

"Ashe ma tsayawa ya yi ya dube shi sosai," in ji ta. "Allah ya yi masa albarka. Ni ko sau ɗaya ban samu ganinsa ba."