Ramin Da Muka Cike Wa Onarabul

Ranar Talata ce. Na yi asuba, na ba jaki harawa, na fito da Inna bakin zaure ta sha hantsi. Shekara uku ke nan ƙafafunta sun mutu, ni ke ɗaukar ta. Ta ce kokon ya yi tsami, ta kuma shanye shi tas.

Ƙauyenmu na kudu da Batagarawa. Da ɓarayin daji suka matsa mana, muka yi gayya wata biyu muka kewaye shi da rami mai zurfi. Babur ba ya tsallakawa. Mu kanmu ta kan katako guda muke shiga da fita, ta arewa.

Sai aka ce Onarabul zai zo. Tun da soja suka koma bariki yake majalisa, in dai maganar tsaro ce shi ake ji a rediyo. Mai gari ya ce abin kunya ne babban baƙo ya aje mota ya tako katako. Muka cike ramin ta gabas, faɗin mota guda. Da hannuna na zuba ƙasar nan, har ina raha.

Ya zo, ya ci kaji, ya yi jawabi. Ya ce ƙasa a shirye take, ɗan ta'adda ya kusa zama labari. Ya ce kada mu sake haƙe wurin, motar haƙa rijiya na nan tafe cikin mako. Muka tafa mishi. Kwana tara, ba mota ba dalilinta.

Ranar Talatar nan, ƙarfe huɗu da rabi, muna sallame la'asar, na ji ƙugin babura ta gabas. Ko rage gudu ba su yi ba. Harbin farko a ƙofar masallaci. Sai ihun mata, sai ƙarar rumbuna suna cin wuta.

"Kowa ya kwanta!"

Ban kwanta ba. Na faɗa gida, na saɓi Inna a baya, na ɗaure ta da zanenta. Gari duka ya taru a bakin katako guda. Ramin da muka haƙa don ya tsare mu, shi ya tare mu. Mutane na ta rubzawa ciki. Biyar saura kwata na samu na taka. Ina tsakiya aka buɗe wuta a bayanmu. Inna ta ƙanƙame wuyana.

"Tafi," ta ce.

Na faɗa cikin dawa. Bayana ya jiƙe sharkaf, na ɗauka gumi ne. Ana kiran magariba na fito titin Batagarawa. Wani mai kabukabu ya tsaya, ya dube mu, ya ce in sauke ta. Harsashin ta bayanta ya shiga, bai fita ba. Da ya fita, ni zai samu.

Yanzu ina kwana a wani kango a Ƙofar Marusa, ina dako a kasuwa. Makon jiya a teburin mai shayi na ji muryar Onarabul a rediyo. Wai tsaro aikin kowa ne. Wai mutanen karkara su daina sakaci, su kewaye garuruwansu da rami. Na aje shayin, na tashi.

Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Waɗanda suka harba ban ga fuskarsu ba, na bar su da Allah da wuta. Shi kuwa na san fuskarshi. Duk sallar da na idar sai na kira sunanshi. Ba mutuwa nake roƙa mishi ba, ta yi sauƙi. So nake ya goya nashi, ya yi gudun da na yi.

Washegarin harin muka binne waɗanda aka samu fitowa da su. Ita ce ta bakwai a sahu. Har yau ban san a wace gona ta cika ba. Ni dai tun daga katako har titi ina ta ce mata mun kusa.