Mai Neman Sama Ba Hadari

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Manu ya shigo shagonmu na waya a kasuwar Bagudo ba, farkon daminar da maigidana ya ɗauke ni daga teburin caji ya mayar da ni mai zuba manhaja. Aikin ba wuya: mutum ya kawo waya, ka tambayi abin da yake so, ka sauke masa, ka nuna masa inda zai danna. Da damina kowa abu ɗaya yake so, manhajar da za ta ce masa yaushe ruwa zai sauka.

Baba Manu manomin shinkafa ne daga Kaoje, don haka ban ko tambaye shi ba, na zuba masa irin ta kowa. Na ce, "Baba, albishir, Laraba akwai hadari."

Sai ya waiga hagu da dama, ya yi ƙasa da murya kamar mai neman abin kunya. "Ɗana, ba ruwa nika biɗa ba. Sama nika so garau. Kak ka bari manoma su ji."

Ashe tun yana yaro yake kwanciya cikin kwalekwale yana kallon jiragen da ke ja farin layi can ƙololuwa, har ana ce masa Manu mai jirgi. Shi bai taɓa shiga ba, amma 'yarsa Hajo ta karanci tuƙi. Ranar Laraba bayan la'asar za ta bi ta samanmu daga kudu, karonta na farko a kujerar mataimakin matuƙi. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. "In ban gane ta bana ba, baɗi sai dai a ba ni labari," in ji shi.

Na goge waccan, na nemo irin wadda masu sha'awar jirage ke amfani da ita. Ita ba ruwanta da shuka. Tsayin girgije take nunawa, da kaurinsa, da inda ya yage. Ta nuna wata 'yar kafa za ta buɗe wajen iyakar Benin da yamma.

Laraba na roƙi maigida, na hau babur na same shi bakin kogi. Muka zauna kan kifaffen kwalekwale, ni ido a waya, shi ido a sama. Kafar ta taho a hankali, ta taho, sai iska ta juya ta rufe ta ruf. Wallahi na ji ciwon abin.

Yayyafi ya fara, manoma na ta hamdala a fadama. Can sai muka ji wani gurnani siriri na jirgi, nesa ƙwarai.

Ya ce, "Mi wayarka ta ce, bisa ga hadarin nan mi ad da akwai?"

Na duba. "Girgijen bai kai inda suke ba, Baba. Can rana ce tas."

Ya share ruwan da ke bin gemunsa. Sannan ya miƙe ya ɗaga hannu. "Kenan mu muna da ruwanmu, ita tana da ranarta. Sauka lahiya, Hajo."

Ku da kuka zo bayana, ku riƙa tambaya kafin ku zuba wa mutum komai. Duk sama ɗaya muke kallo a garin nan, amma tun ranar ban ƙara ɗauka na san abin da wani ke nema a cikinta ba.