Saran Garba

Jama'a, yau wani makaho ya hana ni rubuta sunana a teburina!

Kun san Lawali nake. Amma tun da na gaji teburin nama a kasuwar Mafara, tsofaffi ba su kira na sai Garba, sunan marigayi babana. Na gyara musu har na gaji. Yau na kira Bello mai fenti ya rubuta LAWALI ɓaro-ɓaro, kowa ya huta.

Bello na dama fenti, ni ina saran ƙashi. Sai ga wani dattijo makaho da sandarsa, wai daga Dosara. Ban taɓa ganin shi ba! Ya ja ya tsaya cak.

Ya ce, "Garba! Ashe kana raye?"

Na ce, "Baba, Garba ya rasu. Ɗansa ne, Lawali."

Ya yi salati, ya yi mashi addu'a. Sannan ya ce, "Sake sarawa in ji."

Na sara.

Ya ce, "To ka ji! Sara biyu, a goga wuƙa, a yi bisimilla. Duk kasuwar ga Garba kaɗai ke wanga sara, ƙashi bai tarwatsewa cikin nama. Yaro, ba mantuwa mutane ke yi ba. Hannun suke kira."

Wallahi tsigar jikina ta tashi!

Bello ya ɗaga buroshi ya ce, "To, mi za a rubuta?"

Na ce, "Rubuta GARBA. Da manyan baƙi!"